Katan Ba Ya Zuwa Da Adalci



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan teburin ɗan koli ana jajibirin Sallah ya san akwai wata tambaya da yara ke yi wadda ba ta da amsa mai daɗi, wato "Ina irin waccan?" Kaya ga su nan jibge, motoci ja da kore da shuɗi, bindigar ruwa, tabarau, agogon roba da ba ya tafiya, 'yan tsana masu gashi kamar na masara, amma sai yaro ya tsallake su duka ya ce shi motar 'yan kwana-kwana yake so, mai tsani a bisa, irin wadda ya gani a hannun ɗan gidan wane. Ka ce masa ta ƙare, ya yi maka kallon maƙaryaci. Idan labari ya shiga cikin gida kuwa, abin da uwarsa za ta ce shi ne an ɓoye wa 'ya'yan masu kuɗi. To ni dai na yi shekaru ina ɗaukar wa baffana kaya duk lokacin hutun makaranta, kuma ina mai shaida cewa galibi motar nan babu wanda ya ɓoye ta a garinmu. Tun a can inda aka zuba ta a kwali aka riga aka yanke cewa ba za ta wadata ba.

Mu Dawakinmu ta ƙasar Rano ce, ba Dawakin Kudu ba kuma ba Dawakin Tofa ba, domin na gaji da yi wa mutanen birni wannan bayani. Baffa yana cin kasuwannin da ke kewaye da mu, Rano da Kibiya da Rurum, ranar da babu kasuwa kuma ya kafa tebur a ƙofar gida. Idan Sallah ta matso sai ya bi motar asuba ta Bunkure ya shiga Kano, ya saro kayan wasa a Sabon Gari, ya biya Ƙofar Wambai don kayan roba. A can na fara gane cewa ɗan sari ba ya zaɓe. Ba a cewa a ba ni motar kwana-kwana dozin biyu. Leda ake miƙo maka a like, yadda ta fito daga cikin katan, motoci goma sha biyu a ciki, kuma idan ka kai gida ka farke sai ka tarar ja guda biyar, kore huɗu, tasi biyu, ta kwana-kwana ƙwaya ɗaya tal. Ka farke leda ta biyu, haka. Ta goma, haka. Na taɓa tambayarsa me zai hana ya yi wa dilan magana, sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, shi ma haka ya gan ta. Katan ba ya zuwa da adalci."

Na daɗe ina juya wannan magana. Daga baya da na yi karance-karance sai na ga ashe abin da ke damun ɗan koli a Kibiya shi ne ke damun mai kanti a Amurka, har suna da suna na musamman da suke kiran abin wasan da aka rage adadinsa a katan. Kuma ba kullum mugunta ce ke kawo shi ba. Mafi yawan lokaci tsoro ne, tsoron kwantai.

Mai kamfani kafin ya fitar da abin wasa guda sai ya kashe kuɗi masu nauyi wurin sassaƙa mazubin ƙarfen da za a riƙa tsiyaya narkakkiyar roba a ciki, sannan tilas ya yi hasashen abin da yara za su so watanni kafin kayan su isa kanti. Shi kuma mai kanti wurin rataye kaya ƙayyadadde ne gare shi, ba zai sake odar sabon katan ba sai na farko ya ragu. Saboda haka idan aka cika katan da abin da ba ya tafiya, ba wannan kaɗai zai kwanta ba, duk layin ne zai tsaya cik. Sai kamfani ya ce bari in yawaita jarumin fim, shi kowa ya sani, in rage yaron jarumi da mugu da sauran tarkace. A kamfanonin Amurka an daɗe ana rage adadin mata a katan na kayan wasan da aka yi don yara maza, bisa zaton cewa namiji ba zai sayi mace ba. Abin ya kai ga abin kunya a 2015 lokacin da sabon fim ɗin Star Wars ya fito, wanda jarumarsa mace ce mai suna Rey, amma kamfanin Hasbro ya fitar da wasan Monopoly na fim ɗin babu ita a ciki. Sai da iyaye suka yi ca a kansu sannan suka yi alkawarin saka ta.

Abin da ke ba ni haushi da irin wannan hasashe shi ne yana gaskata kansa da kansa. Ka sa ɗaya a katan, a sayar da ɗaya, sannan ka duba littafin ciniki ka ce ka gani ko, ai ɗaya kawai aka saya. Wa zai gaya maka yara nawa suka zo suka koma hannu rabbana? Baffa ba ya rubuta wanda ya tambaya bai samu ba, dila ba ya tambayar Baffa, mai kamfani kuwa bai ma san akwai wani gari wai shi Dawaki ba. Haka nake kallon batun 'yar tsana baƙa a kasuwanninmu. Ƙasa ce ta baƙaƙen mutane, amma sai ka zazzage buhu guda na 'yan tsana duk farare masu shuɗin ido, in an yi dace ka tsinci mai duhun fata ɗaya ko biyu, su kuma tun kafin azahar an ɗauke.

Wani lokacin kuma ƙarancin ba daga hasashe yake ba, daga ƙarewar yayi ne. Ku masu karatun littattafai kun fi kowa sanin wannan. Sau nawa kika je shagon haya kika tarar da littafi na ɗaya kwafi uku, na biyu kwafi biyu, na ukun da ke ɗauke da ƙarshen labari kuwa kwafi ɗaya ne ya yi laushi kamar tsumma, kuma yana hannun wata amarya tun makon jiya? Irinsa ya faru a Amurka a 1952. Kamfanin cingam na Topps ya fitar da katunan hotunan 'yan wasan besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki, kati 407, kashi-kashi. Kashin ƙarshe ya fito kakar wasa na gab da ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wuri, sai ya yi kwantai a sito. Wani babban ma'aikacin kamfanin mai suna Sy Berger ya ba da labarin cewa bayan wasu shekaru da suka rasa yadda za su yi, lodin katunan suka yi a jirgin ruwa aka zubar a teku. A cikin wannan kashin akwai kati mai lamba 311 na wani ɗan wasa Mickey Mantle. A watan Agusta na 2022 an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 12.6. Kwali ne fa, mai karatu, bai kai tafin hannunka ba.

To amma da 'yan kasuwa suka lura cewa ƙarancin da ya zo bisa tsautsayi yana haukata masu saye, ai sai suka ce me zai hana mu ƙirƙire shi da hannunmu. Nan ne labarin ya canza launi, kuma nan ne na daina ba su uzuri.

Tun a 1933 wani kamfanin cingam na birnin Boston mai suna Goudey ya fitar da katuna masu lamba daga 1 zuwa 240. Yara suka yi ta saye suna tarawa, kowa ya cike nasa sai lamba 106 ta gagara. Aka yi ta tauna cingam har muƙamuƙi ya gaji, babu 106. Ashe ba a ma buga ta ba sam. Sai a 1934 aka buga katin, da hoton wani tsohon ɗan wasa Napoleon Lajoie, aka riƙa aika wa waɗanda suka rubuto wasiƙar ƙorafi kawai. Da yawa daga masu bin tarihin abin suna ganin da gangan aka yi don a ci gaba da saye, ni ma ra'ayina ke nan, don kuwa ban ga yadda za a manta lamba ɗaya shekara guda cur ba.

Da na karanta wannan sai na tuna da kwalin balan-balan na zamanin ƙuruciyarmu. Wanda ya tashi a shekarun 1990 ya san shi: faffaɗan kwali an jera masa balan-balan daga ƙanana kamar yatsa har zuwa wata uwa guda ɗaya a can sama, wadda in an hura ta ta fi tulu. Ka biya kuɗinka ka canki 'yar takarda a naɗe, lambar da ta fito ita ce rabonka. Duk yaran unguwa uwar nan muke hari, kuma duk ƙananan muke kwasowa. Akwai wani mai tebur da muka daɗe muna zargin yana cire lambar uwar ya sa a aljihu sai kwali ya kusa ƙarewa, domin shi ma ya san ranar da aka cinye ta ranar ciniki ya mutu. Bai taɓa jin sunan Goudey ba, amma karatunsu ɗaya.

Kamfanonin yau sun fi wayo, ba sa ɓoyewa, shela ma suke yi. Mattel mai ƙananan motocin ƙarfe na Hot Wheels, waɗanda aka fara a 1968, ya ɓullo da wani layi a 1995 mai suna Treasure Hunt, wato farautar dukiya. Motoci iri 12 ne a shekarar farko, kowace iri guda 10,000 kacal, aka barbaza su cikin katan-katan na sauran motoci. A 2007 suka ƙaro wata da ta fi wuya, mai tayar roba ta gaske da fenti mai ƙyalli. Katan ɗinsu mota 72 yake ɗauka, kuma ba kowane katan ne ke ɗauke da mai ƙyallin ba. Abin lura shi ne a kanti kuɗinta ɗaya da na sauran. Kamfani ba daga ita yake cin riba ba. Ribarsa ita ce magidanci mai gemu zai riƙa zarya kanti yana tona kwando, kuma duk zuwan da ya yi da wuya ya fita bai ɗauki biyu ko uku daga na gama-gari ba. Ɗayar nan ita ce ke jan sauran saba'in da ɗaya.

Shi kuwa Ty Warner mai 'yan dabbobin tsumma na Beanie Babies, da ya fara a 1993, wata hanya ya bi. Ya ƙi kai kayansa manyan kantuna, sai ƙananan shaguna, kowanne a ba shi kaɗan, sannan lokaci-lokaci ya sanar cewa wannan irin an daina yin sa har abada. Abin dala biyar ya koma mutane na tara shi kamar gona. A 1999 a birnin Las Vegas har gaban alƙali wasu miji da mata da suka rabu suka tsuguna a ƙasa suna rabon 'yan tsanan nan ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba kasuwar ta rushe, aka bar mutane da akwatuna cike da tsumma.

Na baya-bayan nan shi ne Labubu, wata 'yar dodanniya mai kunnen zomo da haƙora a waje, wadda mai zane Kasing Lung ya ƙirƙira a 2015, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin ya fara sayar da ita a 2019. A rufaffen kwali ake sayarwa, ba ka san wadda ka saya ba sai ka farke. Iri shida ne a sahu, sannan akwai ta bakwai ta sirri wadda ake samu sau ɗaya a cikin 72. A watan Mayu na 2025 sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita a shagunansa na Birtaniya saboda dambe a kan layi. Manya fa, ba yara ba.

Bari in ɗan yi lissafi a nan, ku yi haƙuri, ba mai yawa ba ne. Ko da babu ha'inci ko kaɗan, a ce iri goma sha biyu ne kuma an zuba su daidai wa daida a rufaffen kwali, wanda ke son ya haɗa dukkansu zai sayi kimanin 37 kafin ya cike, domin na farko-farko suna zuwa da sauƙi, na ƙarshen ne ke shan jini. Idan kuma aka ce ɗaya a cikin 72, kada ka ɗauka in ka sayi 72 ɗaya-ɗaya daga wurare daban-daban lallai ka samu. A cikin mutum uku da suka yi haka, fiye da ɗaya zai tashi a tutar babu. Yaro ɗan shekara tara ba zai iya wannan lissafi ba. Shi abin da ya sani shi ne ta gaba ce za ta fito.

Duk wannan a can sama ke nan. Mu da ke ƙarshen hanya muna da namu ƙarin ciwon, wato tankaɗe. Kayan wasan da ke zuwa mana yawanci daga Sin suke, daga masana'antun Shantou da babbar kasuwar Yiwu, su shiga kwantena su sauka Legas, su hau tirela zuwa Kano, daga nan su rarrabu a hannun manyan diloli da ƙanana. Kowane hannu rariya ne. Yaron shagon dila ya san abin da ake nema, in ya sami leda mai sauƙin buɗewa zai zare mai kyan ya cusa ja a madadinta ya mayar da ƙusar maƙala takarda, ya sayar da ita daban a birni inda za a biya ninki. Mai shago a Zoo Road ya riga Baffa zuwa, kuma ya fi shi jari, shi katan yake ɗauka ba leda ba. Kafin kaya su wuce Bunkure an tace su sau uku. Abin da kamfani ya sa ɗaya a cikin goma sha biyu, in ya iso Dawaki ya zama ɗaya a cikin hamsin, wata shekarar ma babu. Sai ga Baffa, mutumin da ya fi kowa ƙarancin iko a duk wannan doguwar hanya, shi ne kaɗai wanda uwar yaro ta san fuskarsa da ƙofar gidansa.

Shekarar da abin ya zo masa wuya ita ce shekarar ƙwan roba. Wasu ƙwai ne masu launi, a like, kowanne da 'yar alawa da ɗan abin wasa a ciki, a jikin kwalin kuma an zana duk irin da ake samu, har da wani jirgin sama mai saukar ungulu. Wani yaro maraya a maƙwabtanmu ya kwashe duk barka da Sallar da ya tara a yawon kwana biyu ya zube a kan ƙwan nan. Zobe, zobe, usur, zobe, ɗan kwaɗo, usur. Babu jirgi. Da yamma kakarsa ta yafa mayafi ta zo da kanta, ga mutane a zaune ana jiran magariba, ta zube tarkacen a gaban teburin ta ce, "Malam, kai da muke ganin girmanka, caca ka kawo wa 'ya'yanmu?" Baffa bai ce uffan ba. Ya irga kuɗin yaron ya miƙa mata. Bayan ta tafi ya sa ni na ɗauko ragowar kwali biyu, muka zauna muka fasa ƙwan nan kaf a gaban jama'a. Jirgi ɗaya muka samu a cikin kwali na biyu, can ƙasa.

Maganar tsohuwar ba ta bar shi ya yi barci ba, domin mutum ne da ya yi karatun zaure. Ya san babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka hana cinikin garari, irin sayar da kifin da ke cikin kogi ko ɗan da ke cikin cikin dabba, kuma ya san hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya hana cinikin jifa da tsakuwa. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba, na san malamai suna da tafsili a kan ɗan ƙaramin garari da ake yafewa. Amma shi a ransa ya gama yanke hukunci. Ya ce mini, "Abin da ni mai sayarwa ban san mene ne a ciki ba, shi mai saye bai sani ba, kuma don rashin sanin ne ma yake saye, wannan ko an ce ya halatta ni na bar shi."

Abin mamaki, hukumomin ƙasar da ke ƙera kayan ma sun biyo sawun tsohuwar nan. A watan Janairu na 2022 gidan abinci na KFC a Sin ya haɗa kai da Pop Mart suna saka rufaffen abin wasa a cikin abinci, har aka sami wanda ya sayi abinci 106 a tashi ɗaya, yuwan 10,494, don neman cike sahu, ƙungiyar kare masu saye ta ƙasar ta fito ta yi tir. A watan Yuni na 2023 hukumar kula da kasuwanni ta Sin ta fitar da ƙa'ida cewa kada a sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 8 rufaffen kwali, wanda ya haura haka sai da yardar iyaye, kuma dole a bayyana yawan damar samun kowane iri. Ƙwan da aka taka wa birki a can, a teburan ƙauyukanmu yana nan ana miƙa wa ɗan shekara biyar.

Tun daga shekarar nan Baffa ya sauya tsari. In ya saro abin da ke like, fasawa yake ya baje a faranti kowa ya ga abin da zai saya. Motar kwana-kwana kuwa, da ya ga ba shi da ikon ƙara yawanta, sai ya ƙara mata kuɗi ya rage wa ja, ya kuma faɗa wa kowa dalili. Ba zan ce muku ciniki ya ƙaru ba. Raguwa ya yi, domin wani mai tebur a gaba kaɗan yana nan da ƙwansa a like, kuma yara can suka fi yin dafifi. Har yanzu ma akwai matan da ke cewa Baffa ya tsauwala, mota iri ɗaya kuɗi biyu. Shi dai ya ce gara a kira shi mai tsada.

A 'yan shekarun nan ya ƙara da kayan wasa na gwanjo, waɗanda yaran Turai da Amurka suka gama yayinsu aka ɗuro a buhu. Nan kam babu lissafin kamfani, abin da ka zazzago shi ne naka: 'yar tsana mai hannu ɗaya, dokin roba, jirgin ƙasa babu kai, da ƙananan motocin ƙarfe da yawa, cikinsu har da Hot Wheels na ainihi, fenti ya ɗan goge. In na je gida nakan zauna in riƙa juya su ɗaya-ɗaya ina duba 'yar alamar harshen wuta a cikin da'ira, wadda kamfanin ke sa wa motocin farautar, ko haruffan TH da tayar roba. Baffa yana kallona yana girgiza kai, ya ce in na gama duba in tattara masa su a faranti, duk kuɗinsu ɗaya. Yaran Dawaki kuwa in sun zo ba alama suke dubawa ba. Kifar da motar suke yi su murza tayoyin da yatsa, wadda huɗunta ke juyawa ita ake rububi.